Lita Biyar Daga Rijiyar Kanya Uku

Asabar: Damagaram zuwa Mirya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidanmu a Birni, da 'yar jaka a kafaɗa da bido a hannu. Bidon tsoho ne na man girki, rawaya, mai cin lita biyar, a bayan madafa na tsinto shi don ban ga dalilin sayen sabo ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, irinmu ake yi wa laƙabin Mushe, kuma duk unguwa ta shaida Mushe Lawali ba ya sakin dala sai ta yi kuka.

Kakata ce ta fitar da ni, Kaka Fanna. Kwana huɗu ta ƙi cin komai. Likita ya duba bai ga ciwo ba sai tsufa. Ta ce ba abin da zai wuce maƙogwaronta sai ruwan rijiyar ƙauyen da aka haife ta, Kanya Uku, can bayan Zermu.

"Tsohuwa, ga ruwan sanyi a bakin ƙofa, sai na ƙauye?" na ce mata.

"Mijin banza. In ba za ka je ba, sake ni in nemi wani."

Wasan jika da kaka ne, mun saba, amma ranar muryarta da ƙyar take fita. Tsoro ya kama ni, shi ya sa na tafi.

Mai kabu-kabu ya ce dala sittin zuwa tasha, na gode masa na taka da ƙafa, minti ashirin da biyar. Motar Mirya dala ɗari ce, ta cika bakwai saura kwata. A shingen fita gari jandarma ya duba katin kowa, ya kalli bidona.

"Me ke ciki?"

"Iska, ranka ya daɗe."

"To, a kai ta lafiya."

Kilomita goma sha takwas ne a kan gudron, wato kwalta, rabin awa muka yi.

Mirya zuwa Kanya Uku

Ga shawara ga mai ƙaramin aljihu. In ƙauyukan Zermu za ka, tafi ranar Asabar. Motocin da za su kwaso 'yan kasuwar Mirya ta Lahadi wayam suke tafiya, direba ba ya jan ciniki. Sai dai ba sa gaggawa, ka zo da haƙurinka. Ni har ƙarfe biyu na rana ina zaune. Tsiren Mirya da ake ta yabo kuwa, ƙamshinsa kyauta ne: na sayi rogo da ƙuli na dala ashirin, na zauna ta inda iska ke kaɗo hayaƙin mai tsire, na ci abina.

Direban da na samu sunansa Ɗan Bala, motarsa tsohuwar a-kori-kura wadda na tabbata ta girme ni. Muka bar gudron muka shiga yashi, muka isa Zermu ƙarfe huɗu da minti goma. Daga nan wani mai amalanken shanu ya rage mini hanya kilomita biyar, bai karɓi komai ba, sai dai na sha labarin ciwon bayansa daga farko har ƙarshe.

A Kanya Uku mutum ɗaya ta rage daga ɗakin su Kaka, autarsu Gaji. Shekara tara ba sa magana, a kan wata iyakar gona da tuni yashi ya binne. A gidanmu ko sunanta Kaka ba ta faɗa. Na tarar da ita tana tsince gyaɗa, ta ɗago ta ƙare mini kallo.

"Waɗannan kunnuwan na gidanmu ne. Jikan wa?"

"Jikan Fanna."

"Ta mutu ne?"

"A'a. Ruwan rijiya ta aiko ni."

Sai ta ajiye faifan. Ta ce yanzu fanfo gare su, tsohuwar rijiya sai dabbobi. Na ce to ai fanfon ma na garin ne, a cika mini a huta. Ta yi mini kallon da ake yi wa wanda ya yi tusa a masallaci.

"Kai dai an yi karatun banza. Tsohon da ya nemi ruwan garinsu, sallama yake yi."

Ta ɗauki guga ta yi gaba, na bi ta. Na ce ta kawo in ja, ta buge mini hannu. Ita ta ja da kanta, gaba goma sha biyu, tana haki tana hawaye tana zagin igiya. Na ɗanɗana ruwan, gartsi gare shi kamar an jiƙa kanwa. Ta yagi bakin tsohon zanenta ta toshe murfin bidon don kada ya yi yoyo.

"Ka ce mata kada ta kuskura ta mutu, ban gama faɗa da ita ba."

A gidanta na kwana, tuwon gero da miyar kuka, ba kuɗin masauki.

Lahadi: hanyar dawowa

Ƙarfe shida Ɗan Bala ya iso har ƙauyen yana lodi. Gidan gaba dala ɗari uku, baya rabin haka. Kun san inda na zaɓa. Na hau kan buhunan gero tsakanin awaki biyu da wata mai tallan man shanu.

"Mushe, miƙo bidon in ajiye maka a gaba, kada awaki su take shi," in ji Ɗan Bala.

Na miƙa, har ina jin daɗin an yi mini hidima kyauta. Ban san yana da nasa guda uku a bayan kujera ba, rawaya, irin nawa sak.

Bazara ce, ga lodi ya yi yawa. Ƙarfe takwas da kwata mota ta fara tururi a tsakiyar yashi. Ɗan Bala ya buɗe gaba ya ɗura mata ruwa, muka ci gaba. Ta sake, ya sake. A tsayuwa ta huɗu na sauka in miƙe ƙafa, sai na ga ƙyallen zanen Gaji a ƙasa, shi kuma yana girgiza bidona a bakin radiyata, ɗigon ƙarshe na sauka.

"Ɗan Bala, ruwan kakata ne!"

"Ayya. To wallahi mai albarka ne, ji yadda ta yi shiru."

Ya ba ni haƙuri, ya ce ya yafe kuɗin mota. Karo na farko ke nan a rayuwata da aka bar mini kuɗi ban ji daɗi ba. Shawara ta biyu: mai ɗauke da abin da ba a sayarwa, ya riƙe shi a cinyarsa.

Komawa ba zai yiwu ba, mota ba ta juyawa sai yamma, Kaka kuma ta shiga kwana na shida. A Mirya na cika bidon a fanfo, na sayi kanwa ta dala biyar na jefa, na girgiza, na mayar da ƙyallen. Na ɗanɗana na ce ko Gaji sai ta rantse.

Gida

Ƙarfe ɗaya saura minti goma na yi sallama. Kaka na kwance, ta ƙara ƙanƙancewa. Aka tallafo ta, na zuba a moɗa na kai bakinta. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar.

"Ruwan fanfo da kanwar kasuwa. Ni za ka yi wa dabara?"

Na faɗi gaskiya, da radiyata da komai. Idonta na kan murfin bidon. Ta miƙa hannu ta zare ƙyallen, ta shafa shi da yatsa.

"Wannan zanen ni na saya mata. Ita ta ja maka?"

"Ita. Ta hana ni taɓa igiyar."

"Me ta ce?"

"Ta ce kada ki kuskura ki mutu, ba ta gama faɗa da ke ba."

Kaka ta lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta buɗe ido.

"Ita Gajin? Yarinyar da na goya? A kawo mini kunu. Kai kuma ran Asabar ka kama mini gidan gaba a motar Kanya Uku, kuma kai za ka biya."

Ta shanye kofi biyu ina kallo. Na fita tsakar gida don kada ta ga idona ta samu abin tsokana.

Asabar ɗin na biya gidan gaba, kujera biyu don ta miƙe ƙafa, ban nemi ragi ba. Na bar su a bakin rijiya suna musu a kan iyakar gona, Gaji riƙe da hannunta.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Godiya ga mai amalanke, Allah ya ba bayansa lafiya. Ɗan Bala kuwa, ban taɓa zaton zan gode masa ba, amma da ruwan nan ya iso gida, Kaka ta sha ta yi sallamarta.