Tsaya Mai Ba da Hannu

Duk wanda ya taɓa bi ta babbar mararraba ya san Tsaya. Shi ne mai ba da hannu a wurin tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai: usur a baki, farar safar hannu, ga faɗa kamar ya ari baki. Ba abin da ya tsana kamar nawa. Direban da ya yi jinkirin tashi, sai motarsa ta sha mari a bonet.

Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango. Motoci kuwa sun riga sun ba shi tasu kyautar, hayaƙin da ya yi shekaru yana zuƙa. Huhu ya gaji. Matakalar benen da suke haya shi da matarsa ta zama dutse, sai ya zauna a tsakiya yana haki, yara na raɓa shi suna wucewa.

Babban ɗansa ya ce ya isa haka, zai mayar da su gidansa na bayan gari. Ɗaki ne a ƙasa, shiru, ko keke ba ya wucewa. Tsaya ya ji kamar kabari ake kwatanta masa. Shi tagarsa yake so, inda yake leƙen titi yana yi wa direbobi gyara, ko da ba mai jin sa.

A asibiti aka haɗa shi da masu ciwo irin nasa, ana koya musu taici, wani motsa jiki da ake yi a tsaye, a ɗaga hannu a hankali, a sauke, numfashi na biye. Tsaya ya dubi malamar.

"'Yata, wannan ai aikina ne. Da shi na ci abinci."

Ya wurga hannu sama, tari ya turnuƙe shi.

"Baba, ba tirela za ka tsayar ba," in ji ta. "Bar hannun ya jira numfashin."

Jira. Mutumin da ya sa rabin gari jira, shi bai taɓa gwadawa ba. Kullum da safe yana tsakar gida, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yana tura iska kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Ranka ya daɗe, yau ƙudaje ake ba hannu?" in ji telan ƙasan bene.

Da can da tela ya sha zagi. Yanzu zagi numfashi yake ci, sai Tsaya ya yafe masa. Har aka fara cewa tsufa ya sa masa haƙuri.

Wata Asabar ɗan ya zo da motar kwasar kaya. Ya tarar da uban a gindin matakala, zai hau. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu, dole ya bi bayansa. Tsaya ya ɗaga ƙafa, ya shaƙa, ya taka, ya fesar. Bayan ɗan ga masu ɗaukar kaya, bayansu ga wata maƙwabciya da bokiti a ka, kowa ya yi cirko-cirko.

"Baba, ko in riƙe ka?"

Tsaya ya ci gaba da hawa, bai zauna ba. Da ya kai ƙofarsa ya dafa bango, ya juyo. Numfashin da ya rage masa na magana ɗaya ne.

"Sallami motar nan."

Matarsa, wadda ta kwana biyu tana ɗaure tukwane da murnar rabuwa da bene, ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta fara kwance igiya.