Takardar da Na Sa wa Hannu

Ina da shekara arba'in da ɗaya na koyi rubuta sunana. Da 'yata ta zo Malesiya karatun digiri na uku na biyo ta, na riƙa rainon 'ya'yan ɗalibai a gidanmu na unguwar Danau Kota, hawa na goma sha huɗu. Da yaran suka kai bakwai sai na ɗauki matar wani ɗalibi ɗan garinmu tana taya ni.

Tun zuwanta gidan ya yi tsit. Yaran da ba a iya zaunar da su sai ga su suna barci har la'asar, a tashe su ido na lumshewa. Ran nan na buɗe jakarta ina neman tsumma, na ci karo da kwalbar maganin mura, saura kaɗan.

"Cokali ɗaya ne fa, Hajiya. Don mu huta."

Na ce, "Ɗauki mayafinki."

Bayan wata uku wata 'yar Malesiya mai gidan raino a unguwar Pantai Dalam ta aiko tana son shaidata a rubuce a kan matar, za ta ɗauke ta aiki. Kafin na amsa, mijin matar ya zo da wani dattijo cikinmu. Dattijon ya ce, "Hajiya, a rufa asiri, a baƙon wuri muke." Mijin kuwa ya ce nan ba gida ba ne, ɓata suna sai kotu.

Ni da ba na tsoron uban kowa, da jin kalmar kotu sai na ja da baya. Na sa aka rubuta cewa tana zuwa a kan lokaci, tana da tsafta, na sa hannu. Ba ƙarya ciki. Kwalbar ce na bari.

Sai da aka shekara na faɗa wa wata uwar yaro mai karatun lauya. Ta ce, "Haba Mama! Wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya ba da mugunta ba, doka na bayansa."

Washegari na hau jirgin ƙasa har Pantai Dalam. Mai gidan rainon ta ce ai matar da mijinta sun koma Najeriya, ta ma ba ta kwafin takardar ta tafi da shi, wai za ta buɗe nata gidan rainon.

Na tambayi dattijon wane gari. Ya ce an yi wa mijin canjin wurin aiki, bai sani ba. Har yau ina tambaya.