Garwashin da Aka Kai Dapaong

A gidanmu na Zongon Sokodé, in an gama cin tuwo, kakarmu Iya Hajo ba ta barin murhu ya mutu. Takan jawo kujerarta, mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana doya a gefen wuta. "Yau na kamo wata tatsuniya mai daɗi," sai ta ce. "Wanda ya yi gyangyaɗi, doyarsa tawa ce."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta fatake masu koro shanu daga Dapaong zuwa kudu, tun babu ashana. Duk ayarin da zai tashi daga zango sai ya binne garwashi cikin toka saboda na baya. Wata rana wani madugu ya isa wani zango ya tarar wutar ta mutu, matafiya na kwana da yunwa da sanyi. Sai ya ɗebi garwashi a kasko daga wanda ayarinsa ya zo da shi ya ba ɗansa, ya ce, "Zauna nan ka riƙe musu." Ayari ya wuce ya bar shi.

Na ce, "Iya, uwarsa ba ta yi kuka ba?"

"Ta yi mana, ke ma dai! Har ta yi fushi da tuwo. Amma zangon bai sake yin sanyi ba."

Na girma, na haifi Rakiya, ta karanci likitancin zuciya a jami'a. Ita ta ba ni tarihin sashensu. Wai malami ɗaya ya fara shi, a ɗakin da aka ara masa, da na'urar da ya ɗauko da hannunsa daga ƙasar waje. Ɗalibansa suka zama malamai, su ma suka yaye wasu. Amma mutanen arewa, can wajen Dapaong, har yanzu sai sun yi doguwar tafiya kafin a duba musu zuciya, wasu ba sa kaiwa.

Da ta gama, tsohon malamin ya nemi ta je Dapaong ta buɗe ɗakin duba zuciya. Ni kuwa ina fama da tansiyo, wato hawan jini, na sa rai za ta zauna kusa da ni. Ta ce in ban yarda ba, ba za ta je ba. Na daɗe ina juya abin, sai na gane ashe da ni Iya take.

Na ce, "Rakiya, tafi."

"Inna, wa zai riƙa auna ki?"

"Yaƙi da jahilcin da na yi na ado ne? Koya mini na'urar awon jinin, lambobi ba su fi ƙarfina ba."

Ta yi dariya da hawaye, ta koya mini, ta tafi.

Da kakar bana wani direba ya sauke mini buhun gyaɗa a ƙofar gida. Wai daga wata mata ce a Nano, kusa da Dapaong, wadda ban taɓa gani ba, Rakiya ta duba zuciyar mijinta, ya tashi ya koma gona. Na kira Rakiya ina murna, abin da ta fara cewa shi ne, "Inna, kar ki sa mata gishiri."