Damin Aron Gona

Babanmu yana da gona a bakin hanyar Shagari, ya ba wani maƙwabcinmu aronta. A wajenmu, wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita damin gero guda duk kaka, ya ratsa gari da shi don kowa ya shaida gonar ba tasa ba ce.

Wata kaka da mutumin ya kawo damin, Baba ya ga ya rame, ga yara birjik, sai ya ce, "Malam, mai da shi gida ɗiyanka su ci. Kak ka ƙara kawowa." Ina bayan ƙyaure ina ji, har ƙwalla na yi.

Su biyun sun rasu, Allah ya jiƙansu. Bara, ina cikin mota daga Boɗinga, na hango turakun siminti a gonar. Ashe jikokin maƙwabcin sun sayar wa wani attajiri. Da yayana ya kai ƙara, maigari ya nemi wanda ya taɓa ganin an kawo mana dami. Waɗanda suka gani duk sun rasu. Ni kaɗai na rage, ni kuma ranar da aka mayar da shi kawai nake tunawa.