Hasken Gonar Kawu

Duk sanda na ji warin kananzir ɗin wanke buroshi, sai in tuna ranar da na fara hango Kawu a bakin gonarsa ta Jabo, yana ɗiga fentin mai a ƙyalle. Daga kusa dabbare-dabbare ne. Da na ja baya, sai ga gero yana rausaya cikin zinariyar la'asar, zuciyata ta narke.

"Kanne ido, ɗiyata," in ji shi. "Ba gero za ki zana ba, hasken da ke bisa nai."

Kwana bakwai da rasuwarsa na tarar ɗansa Sani ya shimfiɗa zane-zanen yana shanya tattasai a kai. Ya yi dariya: "Taubashiya, yau shirmen tsoho ya yi rana." Guda ɗaya na ɓoye cikin mayafi.

Bara zaizayar ƙasa ta cinye gonar. Sani ya zo gidana a Tambuwal, ya ce: "Ko zane guda bai saura ba? So nika yarana su ga gonar kakansu."

Zanen yana rataye a ɗakina. Na auno tattasai kwano guda na miƙa masa.

Allah ya haskaka kabarin Kawu kamar la'asar ɗin nan. Sani kuwa, har yau rami yake nuna wa yaransa.