Mama Saƙo da Kwalin Ƙarƙashin Tebur

Yayata ce ke riƙe da ɗakin saƙonni na kwalejin da ke bayan unguwarmu. Ni kuma ina da ɗan shagon fotokwafi daidai gaban tagarta, barandar da ɗalibai ke bi zuwa aji ce kawai tsakaninmu. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a kan idona aka yi.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Taga ce mai ƙarafa, da tebur, da kantoci har sama cike da kwalaye da buhuna da jakunkuna, sai wata tsohuwar fanka da ta fi ƙwarewa a kuka fiye da ba da iska. Direbobi da masu babur su kawo kaya, Yaya ta karɓa, ta rubuta ranar isowa a jiki, ta sanar da mai shi. In ya zo da katin shaidarsa ta miƙa masa ta taga. Aikin ke nan, kuma a kansa ta tsufa.

Sai dai Yaya ba ta iya yin abu a bushe ba. Da aka shigo zamanin waya, makaranta ta ce a riƙa tura wa ɗalibi rubutu gajere cewa yana da saƙo. Ita kuwa sai ta ɗauki hoton kayan ta tura, ta bi shi da saƙon murya. "'Yata, buhunki ya iso, ki zo da mai taya ki ɗauka don ba ki da ƙashin ɗaga shi." "Ɗana, kwalinka yana ɗiga, in ka bari ya kwana ƙudan garin nan za su yi maka godiya." Wani ma har da faɗa: "Uwarka ta aiko, kai ko kiranta ka yi kuwa?" Da haka suka sa mata Mama Saƙo. Sunan ya bi ta har gida, jikokinta ma da shi suke kiranta.

Aibinta ɗaya da na sani, wanda na yi magana har bakina ya gaji, shi ne gilashi. Likita ya rubuta mata, babban ɗanta ya saya, ta jefa shi cikin jaka. Wai yana maida ita tsohuwa. Na ce, "Yaya, ai tsufan ba gilashi ya jira ba." Ta ce in ji da injina mai cin takarda. Sai ka ga ta miƙar da waya can nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido tana latsawa da yatsa ɗaya.

Cikin 'ya'yanta na makaranta akwai wani da ake ce wa Dogo, ɗan shekarar ƙarshe. Yaro ne mai tsabta, ba ya da yawan magana, in ya zo shagona har takardun da suka faɗi ƙasa yake tsince mini. Kowane wata wani ƙaramin kwali yakan zo masa. Shi kaɗai ne kwalin da ba ya hawa kanta, ƙarƙashin tebur Yaya ke tura shi, kusa da ƙafarta. Dogo ba ya zuwa sai an watse, ta saka masa cikin baƙar leda ta miƙa. Na taɓa tambayarta me ke ciki, ta ce, "Abin mutane." Ni ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, iyakar abin da na samu ke nan. Ashe yaron yana da farfaɗiya tun yana ƙarami, maganinsa kuma daga asibitin ƙwaƙwalwa na garinsu ake aiko shi, da hatimin asibitin ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Duk makarantar ita kaɗai ta sani.

Akwai wani gurup na waya da ɗaliban kwalejin gaba ɗaya ke ciki. An sa Yaya don ta riƙa sanar da lokacin buɗewa da rufewa. Ranar da abin zai faru, kaya sun yi yawa, masu babur na ta yi mata tsiya a taga. Ta ɗauki hoton kwalin Dogo, ta yi saƙon murya, ta latsa, ta ajiye waya ta ci gaba da aiki.

Ina cikin buga wa wata yarinya takardu sai na ji muryar Yaya tana fitowa daga wayar yarinyar. Kafin in ɗago, na ji ta daga wata wayar a baranda, sannan wata can gaba.

"Ɗana, maganinka na asibitin ƙwaƙwalwa ya iso. Ka zo ka karɓa, kada ka bari ya yanke maka. Na ɓoye maka a ƙarƙashin tebur, ba wanda ya gani."

Innalillahi! Ga hoton kwali, ga hatimi, ga sunan yaro raɗau.

Ban san lokacin da na tsallaka barandar ba. Na ce, "Yaya, ba ni wayarki!" Ta ce lafiya? Na fizge, ashe a gurup ɗin ta tura. Na goge saƙon, amma ina, magana zarar bunu. An riga an kwafa, an tura gaba. Da na gaya mata abin da ta yi, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta laluba jaka ta ciro gilashin nan ta saka, ta karɓi wayar ta kalla. Sannan ta zauna a kan wani buhu, ita da ba ta yarda kowa ya zauna a kan kayan mutane.

'Yan makaranta kuwa, Allah ya shirya. Kafin la'asar wani shaiɗani ya haɗa muryarta da kiɗa. "Ba wanda ya gani" ta zama waƙa. In wani ya saci amsa, ba wanda ya gani. In wata ta yi tuntuɓe, ba wanda ya gani. A shagona na kori yara fiye da yadda na yi ciniki a makon nan. Wani mai kai kamar tulu ya zo yana kunna abin yana dariya, na ce ya fice mini kafin in fotokwafe fuskarsa. Amma faɗan nawa na banza ne, don ni ma kunyar ta kama ni. Muryar gidanmu ce ake yawo da ita.

Shugaban sashen kula da ɗalibai ya kira ta ofis ya wanke ta tas. Ya hana hoto, ya hana saƙon murya. Daga ranar rubutu ɗaya take tura wa kowa: kana da saƙo, zo da katinka. Ba ta yi musu ba. Ta ce mini da ma ya fi haka zafi, da ta ji sauƙi. Ta daina leƙowa ta taga tana tsokanar masu wucewa, ta daina bin baranda. Ta bayan gini take zagayowa da safe, kanta a ƙasa. In yaro ya ce "Mama Saƙo, ina kwana," sai ta amsa kamar an kama ta da kayan sata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar damuwar ita ce kwalin yana nan ƙarƙashin tebur, Dogo bai zo ba. Ta san maganin da ke hannunsa ya kusa ƙarewa, don ita ta san ranakun zuwan kwalin fiye da kowa. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya toshe lambarta. Wasu marasa aikin yi kuma suka mai da bencin gaban shagona wurin zama, suna jiran su ga ranar da zai zo.

Na ce ta ba ni in kai masa. Tunda ta fara aikin nan ba ta taɓa barin kayan wani ya fita ta hannun da ba na mai shi ba, amma ta ba ni. Na naɗe kwalin cikin takardun fotokwafi na nufi ɗakin kwanan maza, na sa mai gadi ya kira shi. Ya fito, ya rame, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya mai da hannayensa baya.

"Anti, ba ni da saƙo a wurinta. Na gaya wa kowa kuskure ta yi, tsufa ne. Lafiyata ƙalau."

"Ɗana, ba wanda ke kallonmu. Karɓi abinka."

Ya ɗaga kai ya dubi tagogin ɗakunan sama, na bi idonsa. Akwai masu kallo.

"Ki mayar mata," ya ce, ya juya.

Sai a nan na gane. Yaron ya ƙaryata maganar a gaban abokansa, in ya karɓi kwalin ya gaskata ta. Ya zaɓi ya zauna babu magani.

Na dawo na ce wa Yaya ta je ta gaya wa nas ɗin asibitin makaranta, su san yadda za su yi da shi. Ta ce, "Bakin da ya tona masa asiri, da shi zan sake kai maganarsa wani wuri?" Na ce rai ake magana, ba kunya ba. Ta ce gobe. Gobe ta yi, ta ce bari ta ƙara kiransa da wayar ɗanta. Muka yi ta ja har na yi fushi na daina shiga ɗakinta. Kunya ce ta ɗaure ta, na sani, amma wallahi a lokacin haushinta nake ji.

Ana saura kaɗan a fara jarrabawa ya faɗi a babban ɗakin lakca, a gaban 'yan ajinsu. Mun ji ihu, mun ga ana gudu. Aka wuce da shi ta barandarmu a ɗauke, rigarsa duk ƙura, goshinsa ya fashe. Yaya tana tsaye a taga ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Daga ranar ba wanda ya sake kunna waƙar. Danginsa suka zo suka tafi da shi gida.

Bayan kwanaki wata mata ta zo shagona da rana, siririya, doguwa, da ganinta ka san mahaifiyar Dogo ce. Ta ce don Allah ina ne wurin Mama Saƙo? Na raka ta da kaina, don na ɗauka faɗa ta zo yi.

Ashe ba haka ba. Yaya na buɗe ƙofa matar ta kama hannayenta biyu.

"Ke ce uwarsa ta nan! Kullum zancenki yake. Ya ce ke kike rufa masa asiri tun shigarsa. Allah ya saka miki, Allah ya raya miki naki." Ta ce ta zo kwashe kayansa ne, shi ne ta biyo ta ji ko maganin ya iso daga baya. Dogo ya gaya mata kwalin ɓata ya yi a hanya.

Na dubi Yaya, na ɗan girgiza mata kai. Yaron ya rufa mata, ta bar shi a rufe mana. Ba ta ko kalle ni ba. Ta sunkuya ta jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur ta ɗora a gaban matar.

"'Yar'uwa, bai ɓata ba. Tun kafin nasa ya ƙare yake nan. Ni ce na hana shi zuwa."

Ta faɗa mata komai, hoton da muryar da waƙar, har da zancen nas ɗin da ta ƙi zuwa wurinta. Ba ta ce tsautsayi ba, ba ta ce idonta ba. Tana magana hawaye na bin gefen gilashin, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matar ta saki hannunta a hankali.

"Ko ƙannen ubansa ba su sani ba," ta ce. "Tun yana goye nake ɓoyewa."

"Zai dawo ya rubuta jarrabawar?" Yaya ta tambaya.

"Ya ce ba zai sake taka makarantar nan ba. Na yi ta faɗa, ina ce masa faɗuwa ɗaya ba ta hana karatu. Ashe ban san abin da nake faɗa a kai ba."

Matar ta ɗauki kwalin ta saka a jaka. Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo. Ta ciro wani yadi mai ruwan ganye a cikin leda ta ajiye a kan tebur.

"Shi ya zaɓa miki tun hutun da ya wuce. Ya ce sai ranar da ya gama zai kawo. Ba nawa ba ne, balle in hana ki."

Ta fita ba ta yi sallama ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yaya ba ta taɓa yadin ba har aka tashi. Da za ta rufe, ta ɗauke shi da ledarsa ta ɗora a kantar sama, inda take ajiye kayan da masu su ba su zo sun karɓa ba. An yi jarrabawa an gama, 'yan ajinsu sun fita, Dogo bai dawo ba. Na sha ce mata ta kai yadin gida ko ta ba wani, ya daina zama a kanta. Amsarta ɗaya ce kullum.

"Ai bai gama ba."