Akawu Ya Koyi Fita

A shekarar da aka rushe tsohon ofishin ruwa aka jera shaguna a wurinsa Akawu ya haɗu da ɗan kwikwiyon nan. A ofishin ya yi aiki tun yana saurayi har furfura ta rufe shi, kuma ko bayan ritaya ba wanda ya daina ce masa Akawu. Matarsa ta rasu a farkon shekarar. Ya rage shi kaɗai a ɗaki da falo na haya a saman bene, da kujeru biyu, da rediyo, da keken ɗinkin marigayiya da ya lulluɓe da zane.

Autarsa, mai aikin jinya a wani gari mai nisa, ita ta kawo kwikwiyon cikin kwali, ja, da farin tabo a ƙirji.

"Me zan yi da wannan, Auta?"

"Ka riƙa yi masa magana, Baba. Ran nan da na kira ka muryarka a dushe take, ka ce ba mura ba ce. Rashin magana ne."

"Ni ko kaza ban taɓa kiwo ba."

"To, sai a fara da kare."

Ya sa masa suna Baƙo, don bai ɗauka zai daɗe ba. Amma kafin wata ya zagayo, ya tarar da kansa yana karanta masa jarida da ƙarfi, yana ma yi masa bayanin inda marubucin ya yi kuskure.

Matsalar ɗaya ce. Da zarar Akawu ya kulle ƙofa, ko da burodi zai sauka saya, sai Baƙo ya fasa kuka kamar ana yanka shi, yana kartar ƙofa har fenti ya zube. Mai gidan, wata dattijuwa da ke zaune a ƙasa tana renon jikarta jaririya, ta tare shi a matakala.

"Akawu, ina ganin girmanka, ba ka taɓa ɓata mini rai ba. Amma yarinyar nan ba ta barci. Ko ɗan naka ya yi shiru, ko ya bar gidan nan kafin wata ya mutu."

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Makanike na ƙofar gida ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Bulala, Baba! Kare ba ya jin Turancinka. Ka zane shi sau biyu, ka ɗaure shi a duhu, za ka ga ladabi."

Akawu mutum ne da bai taɓa sa hannu a takarda ba sai ya ga shaida. Ya gyara tabarau ya ce, "Ka taɓa gwadawa?"

"Sosai ma."

"Ina karen yake yanzu?"

Makanike ya sosa ƙeya. "Ya gudu. Amma dai kafin ya gudu ya yi ladabi."

Wani kuma ya kai shi wurin mai horar da karnukan gadi a bayan gari. Ya ga keji-keji, ya ga sarƙoƙi, ya ji wari. Mai horon ya ce a bar masa kwikwiyon, kada a zo duba shi. "In ya dawo, ko kai sai ka nemi izini kafin ka shiga gidanka." Akawu ya yi godiya, ya ƙara rungume kwalinsa ya juyo.

Auta ta turo masa bidiyo a waya. Wata mata ce ke bayani a hankali: kukan nan ba taurin kai ba ne, tsoro ne, ɗan kwikwiyo yana ganin wanda ya fita ya tafi ke nan. Ta ce a fita na ɗan lokaci, a dawo tun bai fara kuka ba, ba rarrashi wajen fita, ba murna mai yawa wajen dawowa, kullum a riƙa ƙara nisa kaɗan. Ya kalla ya sake kallo. Ya je ya tambayi likitan dabbobi, shi ma ya ce haka ne, sai dai hanyar tana son haƙuri. Akawu ya ce haƙuri kam yana da shi, ba abin da yake yi da shi ma.

Sai ya fara. Kowace safiya yakan goge riga, ya sa takalmi, ya ɗora hula, ya ɗauki lema kamar mai zuwa ofis. Ya kulle ƙofa, ya taka matakala da ƙarfi, sannan ya lallaɓo ya dawo ya tsaya a bayan ƙofar yana saurare. Baƙo kuwa sai ya tura hanci ta ƙasan ƙofa, ya shaƙa, ya ɓarke da kukan da ya fi na da.

Ran nan mai gidan ta hawo da jaririya a kafaɗa, ta same shi a tsaye da lemarsa, ya kanga kunne a ƙofar kansa.

"Akawu, wa kake yaudara? Ni daga ƙasa ina jin ƙamshin man askinka, balle kare. Ya san kana nan ka ƙi shi. In za ka fita, ka fita."

"Zuwa ina?" ya ce. Kalmar ta kuɓuce masa ne, bai yi niyyar faɗa ba.

Ta dube shi, ta gyara wa jaririya hula. "Wannan kuma ban sani ba," ta ce a hankali.

Washegari ya fita da gaske. Ya kai kusurwar layi ya dawo. Bayan nan ya kai bakin titi. Da nisan ya ƙaru, ƙafa ta kai shi inda ta saba, ya tsaya gaban shagunan waya yana neman daidai inda teburinsa yake a da. Wani mai shago ya tambaye shi ko caja yake so. Ya ce a'a. Ya zauna a bencin jiran mota, motoci suna zuwa suna tafiya, bai hau ko ɗaya ba. In ya dawo yakan tsaya a ƙasan bene ya kasa kunne. Wata rana kuka, wata rana ɗan gurnani, wata rana shiru.

A kantin magani ya gamu da matar Masinja, tsohon ɗan aiken ofishinsu. Ta ce mijin nata yana kwance, rabin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace.

"Mutanen ofis suna zuwa?"

"Wane ofis, Akawu? An rushe."

Ya bi ta. Masinja yana kan gado kusa da taga, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Mutumin nan ne, lokacin da matar Akawu ke asibiti, yake tuƙo keke kowace yamma ya zauna kusa da Akawu a bencin baranda, sai an kori masu dubiya ya tashi. Akawu ya jawo kujera. Masinja ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ya sara masa kamar da, hannun ya ƙi.

"Bar shi," in ji Akawu. "An tashi daga aiki."

Ya daɗe a can fiye da yadda ya taɓa barin Baƙo. Da ya tuna, sai ya dawo yana sauri yana haki. Mai gidan tana shanya a tsakar gida.

"Ya yi kuka?"

"Wa? Au, na ɗauka kuna sama tare."

Ya buɗe ƙofa ya tarar da Baƙo ya miƙe a kan tsohuwar rigarsa yana barci. Karen ya buɗe ido ɗaya, ya kaɗa jela, ya koma barci.

Ba a ƙara maganar ƙarshen wata ba. Daga ranar, kowace safiya Akawu yakan zuba wa Baƙo ruwa, ya sa reza da sabulu da ɗan tawul a jaka, ya kulle ƙofa ya sauka. Yakan yi wa Masinja aski, ya goge masa baki, ya juya shi ta wajen taga, sannan ya zauna.

Matar Masinja ta taɓa ce masa, "Akawu, wahalar nan ta yi yawa. Kullum kana hanya."

"Ba don ku ba ne," ya ce, yana wanke reza. "Kare nake horarwa."